Neman Wancan, Daga Kunci Zuwa Watari

Mun tashi da asuba daga Bacirawa ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da abokin aikina malamin lissafi. Ya ce zai raka ni ne don ya daɗe bai ga ƙauye ba, amma ni na san ranar ce maiɗakinsa ta tsayar za su zauna a kan maganar cefane. Motarsa tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol tun lokacin da fetur ya fi ƙarfinmu, har kajin unguwa sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Don haka da ƙafa muka taka zuwa bakin titin Katsina, kamar kowa.

Kafin mu fita na leƙa ɗakin Inna, mahaifiyata, na ce mata za mu kama hanya. Ba ta ɗago kai daga kan dadduma ba. Sai ta ɗaga murya yadda abokina zai ji daga soro, ta ce, "Malam, ga ƙullin daddawa nan a bakin ƙofa, a kai wa Yaya. Allah ya kiyaye hanya." Ni da nake tsaye a kanta ko kallo ban samu ba. Na saba. Na ɗauki ƙullin na fita.

Motar Bici ta ɗauki fiye da awa guda kafin ta cika, don yanzu mutum sai ya tambayi kuɗin mota, ya yi salati, ya koma gida. Tunda zaman jira muka yi, bari ni ma in tsayar da ku in gaya muku abin da ya fitar da ni.

Wata uku da suka wuce wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya turo min wata waƙa ta waya, ya ce, "Malam, saurari farkon nan, kamar gangar garinku." Tsohuwar waƙar Turawa ce, irin kiɗan rok ɗin nan mai hargowa, jita tana kuka, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Amma kafin hargowar ta fara akwai ganga ita kaɗai, kuma ba ta tsaya ba har ƙarshe, a kanta aka ɗora komai. Gangar noma ce, irin wadda ake kaɗa wa maza a gayya, kuma magana take yi. Cewa take, "Sunkuya Bako, kunya ba ta ƙare ba." Taken wani manomi ne na ƙauyenmu, da shi ake zuga shi in ya kama kunyar gona yana huɗa. Tun ina ƙarami nake jin Inna tana bin taken nan da baki in tana daka. A gidan makaɗa aka haife ta. Kakana shi ne sarkin kiɗan garin, yayanta kuma, Kawu Haladu, shi ne ɗansa na fari.

Na shiga bin tarihin masu waƙar. Su huɗu ne, 'ya'yan leburori daga wani gari a arewacin Ingila, sun taso a shekarun da ake ta rufe masana'antu a can, iyayensu maza suna zaune a gida ba aikin yi. Fushi suka ɗauka suka mai da shi sana'a. Suna zagin gwamnati, suna zagin masu kuɗi, suna zagin duk wanda ya sa kwat. Faifansu biyu na farko babu wanda ya saya sai dangi. Suna dab da watsewa suka zo Kano wajen yayar ɗaya daga cikinsu da ke koyarwa a nan, wani direba ya kai su ƙauyenmu kallon gayya, suka ɗauki kiɗan a rikoda. Waƙar da suka gina a kan gangar nan ita ta fitar da su daga ƙananan mashaya zuwa filayen ƙwallo. A bayan faifan, inda ake jera sunayen waɗanda suka yi kiɗa, an rubuta: ganga, Wanchan. Kusan shekara arba'in masoyansu suna gardama a kan wane ne Wanchan. Wasu ma sun rantse ɗan ƙasar Sin ne.

Na rubuta a ƙarƙashin waƙar a intanet cewa na san gangar nan, na san gidan da ta fito. Bayan kwana huɗu sai ga saƙo daga mai kaɗa wa ƙungiyar ganga, wanda yanzu tsoho ne. Ya ce ba shi da lafiya, likita ya gaya masa abin da ya gaya masa. Ya ce za a sake buga faifan, kuma ba ya so ya mutu ya bar sunan mutumin da ya ɗaga su a karkace. Masu buga kwalin faifan sun ba shi zuwa ranar Litinin. Abin da yake nema shi ne cikakken suna, daga bakin mai sunan. Ya haɗo min da duk abin da rikodarsu ta ɗauka a ranar, ba a yanke komai ba. Ina saurara na ji inda kuskuren ya fito, na rasa dariya zan yi ko kuka. Bayan an gama kiɗa Kawu ya koma cikin gona, sai suka sa direba ya tambayi Kaka sunan wanda ya kaɗa. A ƙasarmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Kaka ya ce, "Ai wancan ne." Su kuma suka rubuta. Akwai sauran magana a ƙarshen kaset ɗin, amma ban sa wa kowa ba, har Inna. Na ce sai mai ita ya fara ji.

Mota ta tashi hantsi ya fara. Mu huɗu a layin mutum uku, gwiwar abokina a haƙarƙarina. A Dawanau muka tarar da tireloli a jere ana loda musu hatsi, buhu a kan buhu har sama, za su nufi inda ba mu sani ba. Wata dattijuwa da ke bayanmu ta bi su da kallo ta taga, ta ce a gidanta rabin kwano ake aunowa yanzu, kuma ba kullum ba. Babu wanda ya amsa mata. Ga kaka ta shigo, an yanke gero, amma farashi bai ji labari ba. Ni abin da ke ci min rai a shekarun nan ba tsadar ba ce kawai, shirun ne. Mutane sun daina ko ƙorafi, kowa ya sunkuyar da kai yana lissafi a zuci.

A Bici muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya koma kamar ƙwayar magani, abokina ya ɗaga ɗaya a rana ya ce a matsayinsa na malamin lissafi yana so a rubuta cewa ba farashi ne ya hau ba, ƙosai ne ya sauka. Mai suyar ta ce in yana son na da, ya kawo mata man gyaɗa na da. Muka cinye.

Daga nan muka hau wata tsohuwar mota zuwa Kunci. Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi ta jiran ya ga daji, ba zai gani ba. Gona ce ta kama gona, iyakarsu ciyawar jema ko layin lalle, kuma kafin ka ɓace wa wani ƙauye ka hango rumbunan na gaba. Dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, an tara karan gero tsibi tsibi, wake ya bi ƙasa a tsakanin kunyoyi. Kuka da gawo da ɗorawa kowace da mai ita, ba a taɓa reshe sai da izini. Amma zangarniyar bana sirara ce. Direban ya ce taki ne mutane suka kasa saya, an koma toka da kashin awaki da sharar birni. Ya ce shi gonarsa buhu biyu take ci, bana da kwano ya barbaɗa mata kamar gishiri a miya.

Sai na faɗa muku wani abu da ba na son faɗa. Shekara goma rabona da ƙauyen nan, ga shi ba wata tafiya ba ce. Lokacin da na nemi aurena na farko, an yi bincike aka dawo aka ce yaron ba shi da laifi, sai dai jikan makaɗa ne. Aka hana ni. Tun daga ranar na ɗauke ƙafa, in an tambaye ni asali sai in ce Bacirawa in tsaya nan. Mutanen da suka hana ni, da kiɗa aka yi bikin uwayensu, da kiɗa aka nome gonakin da suka ci suka girma. Wannan na san shi tun a lokacin, amma ba su na yi wa fushi ba, gidanmu na yi wa. Yau ga ni na taho da sauri ina neman dangantaka da ganga, don Bature ya ce tana da daraja. Na ji kunyar kaina a motar nan, ba kaɗan ba.

Daga Kunci babur ya kai mu ƙauyen. Gidan Kaka yana nan, katangar gabas ta zube an toshe da kara. A soro na ga gangar, a rataye inda na saba ganinta ina yaro. Fatar gefe ɗaya ta fashe, an cusa mata tsumma, ana ajiye irin wake a ciki don ɓera ba ya kaiwa nan. Na tsaya ina kallonta. Turawa dubu dubu sun yi tsalle a kan muryar abin nan, ga shi ya zama rumbun wake.

Mai unguwa ne ya karɓe mu, sa'an Kawu ne, tare aka yi musu kaciya. Ya sa aka kawo fura, ya ba da haƙuri cewa babu nono, da ruwa da tsamiya aka dama. Ina ambatar Turawan ya fashe da dariya har da tari. "Masu zanko!" in ji shi. "Ƙatti da gemu, an aske gefe da gefe an bar tsakiya a tsaye, na ɗaya kore, na ɗaya ja. Mu a nan yaron da bai shiga kaciya ba ake bar wa zanko. Tsofaffin mata suka yi ta tausaya musu, suna cewa iyayensu sun yi sakaci." Ya ce shekarar fari ce, gayyar ma don a ƙarfafa wa juna zuciya aka yi ta, abincin da aka kai gona bai ishi rabin mutane ba. Ya ce Turawan sun ci tuwon dawa da hannu suna zufa, ɗayansu ya karɓi fartanya ya kusa sare ƙafarsa.

Na ba shi labarin abin da ya same su bayan nan, kamar yadda na karanta. Sun zaga duniya. Kiɗansu ya yi laushi da kuɗi suka shigo, waɗanda suka fara da zagin attajirai suka wayi gari ana tallan mota da waƙarsu. Masoyansu na farko suka ce sun ci amana. Mawaƙin ya faɗa shaye-shaye ya mutu bai kai hamsin ba, mai jita da mai ganga suka yi shekaru ba sa gaisawa a kan wa ya ƙirƙiri me. Daga baya suka sake haɗuwa suna yi wa tsofaffi irinsu wasa, zanko ya koma sanƙo. Yanzu biyu suka rage. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce ashe su ma duniya ba ta bar su ba.

Shi kuma ya ba ni rabin labarin da ban sani ba. Bayan shekara ɗaya da zuwansu, wasiƙa ta zo makarantar firamare ta garin da ke kusa, ana neman Wanchan ya zo Ingila a yi zagayen wasa da shi, za a aiko da tikiti. Hedimasta ya bi ƙauyuka yana tambaya, babu mai wannan suna. Ya jefa ta a durowa. Sai bayan watanni, a wajen wani bikin suna, direban nan ya ba da labarin yadda sarkin kiɗa ya ƙi faɗin sunan ɗansa, aka yi dariya, hedimasta ya dafe kai. Lokaci ya riga ya wuce. "Haladu bai yi dariya ba," in ji mai unguwa. "Dama mutane sun fara cewa hannunsa ya fi na tsoho. Sai ya ɗauka baƙin ciki ne, an ɓoye sunansa don kada ya tafi. Ya ajiye gula, sandan kiɗansa, a gaban ubansa, ya bar gari. Tsoho kuma ka san ba zai kira shi ya yi masa bayani ba. Ta ina zai fara?" Ya ce har Kaka ya kwanta ciwon ajali Kawu bai zo ba, sai jana'iza, ya tsaya a sahun baya, aka shafa fatiha ya juya. Na tambayi inda yake yanzu. Ya ce in je Watari, wajen masu shinkafa, in bi ƙarar garwa.

Muka koma Bici, muka yi azahar, muka sake hawa babur. Abokina ya daina barkwanci tun daga gidan mai unguwa. Hanyar Watari ta fi ta Kunci kore, ruwan dam yana bin magudanai, mata suna tsinkar tumatir a wani gefe, shinkafa ta yi jawur a wani gefen tana jiran lauje. Masu gonakin da yawa ba 'yan nan ba ne, in ji ɗan acaɓan, mutanen birni ne suke haya, 'yan gari kuma suna yi musu ƙwadago. Tsuntsaye ne abokan gabar kowa a wannan lokaci, jan baki, suna tasowa garke guda kamar hayaƙi. Kowace gona da mai gadinta, an ja igiya an rataya gwangwanaye da ledoji, ana ihu ana buga ƙarfe.

Cikin wannan hayaniya na ji shi. Kowa bugu yake yi kawai, amma daga can ƙarshe akwai wata garwa da take magana. Na ce wa ɗan acaɓa ya tsaya. Muka bi kan gaɓar magudana da ƙafa, taɓo yana kama takalma, har muka iso wata 'yar rumfa ta kara. Wani tsoho ne zaune a kan dutse, tsohuwar garwar kananzir a tsakanin gwiwoyinsa, sanda biyu a hannu. Ya rame ƙwarai, rigarsa ta koɗe har ba a gane launinta. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗan Habi ne? Ka yi furfura." Habi sunan Inna ne. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa daddawar da ta aiko. Ya shinshina ya ce hannunta bai canza ba.

Na yi masa bayani a hankali. Da na ambaci Turawan fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Wannan maganar ta mutu, me ya tono ta?" Na fara sa masa waƙar. Ya saurari farkon, ya gyaɗa kai sau ɗaya, da jita ta shigo ya yamutsa fuska ya ce, "Wa ya mutu suke wannan kururuwa?" Na ce masa mutane masu yawan gaske sun ji hannunsa a ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Ya ce, "To. Sun ji." Ya buga garwa sau biyu, wasu tsuntsaye suka tashi. Wallahi na ɗauka zai yi murna, ko ya yi fushi. Bai yi ko ɗaya ba.

Sai na ce akwai wani abu kuma. Na nemo ƙarshen kaset ɗin na kara masa wayar a kunne, na ƙure murya. Aka ji hayaniyar gayya, aka ji direba yana cewa, "Baba, sun ce mene ne sunan wanda ya yi kiɗan?" Sai muryar Kaka, wadda Kawu bai ji ba shekara da shekaru: "Ai wancan ne." Mutane suka yi dariya. Kawu ya ture hannuna, ya ce ya san wannan, ba sai an maimaita masa ba. Na ce ya yi haƙuri ya ƙara kaɗan. Turawan sun tashi sun bi direba wajen mota, sun bar rikodar a kan tabarma tana juyawa. Aka ji Kaka ya rage murya yana magana da wani na kusa da shi. "Ka ji hannu ko? Shekarata talatin da gangar nan, ban taɓa fitar mata da wannan muryar ba. In sun ce za su tafi da shi kada wanda ya hana. Ni bakina ba zai iya ba, kai ka bi su ka faɗa musu sunan." Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce to. Daga nan sai ƙarar mota, sai aka kashe rikodar.

Bai bi su ba. Ko wane ne shi, bai bi su ba, kuma da rigima ta tashi bai buɗe baki ba. Wataƙila ya manta, wataƙila ya ɗauka wasa ne, Allah ne ya sani. Maganar da za ta gyara tsakanin uba da ɗa ta yi kusan shekara arba'in a cikin akwati a Ingila, a hannun mutumin da ba ya jin ko sannu. Masu jin Hausar kuma suna nan ba su da kaset.

Kawu ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." Sandunan suka zame daga hannunsa. Jan baki suka ga garwa ta yi shiru, suka sauko a kan shinkafar mutane baƙi ƙirin, shi bai ma gan su ba. Abokina ne ya ɗauki sandunan ya shiga dukan garwar, duka irin na wanda bai taɓa kiɗa ba, yana yi yana share ido da kafaɗa. Sau huɗu na sa masa. Bai yi kuka ba, na fi son da ya yi. Abin da ya ce kawai, yana kallon ruwan magudana, shi ne, "Ya aiko a kira ni sau uku yana kwance. Na ce a gaya masa ba a san mai wannan sunan ba."

Muka zauna har inuwar rumfar ta matsa. La'asar ta yi, muka yi alwala a magudana, ya ja mu salla a kan buhu. Bayan an sallame na fito da biro da takarda, don abin da ya kawo ni ke nan. Na ce Baturen yana jira, jibi za a buga, ya faɗa min yadda yake so a rubuta, Haladu da sunan Kaka a gaba, ko har da sunan gari. Na riga na ƙawata abin a raina, har na ga kaina ina nuna wa waɗanda suka hana ni aure.

Ya ce, "A bar shi yadda yake."

Na ce, "Kawu, kuskure ne fa. Shi ne ya hana ka tafiya."

Ya ce, "Haladu kowa yana kira. Mai gonar nan ma Haladu yake ce min, ba ko Malam, yaron da na girmi ubansa. Wancan kuwa mutum ɗaya ne ya ce min shi a duniya, kuma don ni ne na fari. Ka gaya wa Baturen bai yi kuskure ba. Abin da Baba ya faɗa ya rubuta."

Na yi ta lallashi, na ce don jikoki, na ce don tarihi. Ya karɓi sandunansa daga hannun abokina ya ce rana tana faɗuwa, hanya ba kyau. Abu ɗaya ya roƙa, in tura muryar a wayar wani maƙwabcinsa mai gadi, don shi ba shi da waya. Na tura. Muna tafiya a kan gaɓa na ji garwar ta tashi a bayanmu. Wannan karon ba korar tsuntsu yake ba. Sunkuya Bako, kunya ba ta ƙare ba. A karo na farko na ji kalmar kunya ta ɗayan gefenta, ba ta gona ba.

Mun dawo a motar ƙarshe daga Bici, da buhunan albasa a kan ƙafafunmu, kuɗin ya ƙaru a kan na safe don wai yamma ta yi. A hanya na rubuta wa tsohon Baturen amsa, na goge, na sake. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa akwai ƙasar da uba yake ɓoye sunan ɗansa saboda girman abin da yake ji a kansa? A ƙarshe na ce masa mai gangar yana raye, ya ji, ya gode, kuma gyara ɗaya ne: a cire harafin h. Kafin mu kai Dawanau ya amso da tambaya, ya ce to shi sunan me yake nufi. Har yanzu ban ba shi amsa ba.

In kun tambaye ni abin da tafiyar ta koya min, ba mai daɗi ba ne. Na fita ina shirin jin haushin Turawa, na dawo da haushinmu. Su sun ji abu mai kyau sun ɗauka, sun yi shekaru suna neman mai shi. Mu da muke da shi mun rataye gangar mun zuba mata wake, mun hana jikokinta aure, mun bar mai ita yana korar tsuntsu a gonar wani. Ina son kunyarmu, da ita aka raine ni, amma na ga abin da ta ci a gida ɗaya: tafiya, da sana'a, da sallamar uba da ɗa. Duk wanda aka ce masa ya bi su ya faɗa, don Allah ya bi su ya faɗa.

Mun iso Bacirawa ana kiran isha'i. Abokina ya wuce gida ya fuskanci maganar cefanensa. Na shiga na yi sallama, na tsaya a tsakar gida ina kakkaɓe taɓon Watari daga takalmi. Inna tana ɗaki, ta ji shigowata sarai. Ba ta kira ni ba, ni ne ɗanta na fari, shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a raina ban gaya wa kowa ba. Sai na ji ta ɗaga labule tana tambayar matata a hankali.

"Wancan ya dawo? Duba ko ya ci wani abu a hanya."